Kalmomi 250 da littafin bashin Kawu

Kusan duk bankin zuba jari da ke Landan, idan ka nemi aiki a wurinsa, akwai wata tambaya da ba makawa sai ta same ka, ko dai a rubuce cikin fom, ko a bidiyo, ko daga bakin mai yi maka intabiyu. Za a ce ka ba da labarin wani lokaci da ka fuskanci babban ƙalubale, yadda ka shawo kansa, da abin da ya biyo baya. Inda ake son amsar a rubuce sukan ƙayyade kalmomi, wasu 200, wasu 250, wasu 300, kuma da ka cika adadin akwatin ba ya sake karɓar ko harafi. Na yi fama da wannan tambaya a ƙarshen 2023, ina digiri na biyu a fannin harkar kuɗi a wata jami'a a Ingila. Digirin shekara ɗaya ne, bankunan kuwa tun daga ƙarshen bazara suke buɗe neman aikin shekara mai zuwa, kuma suna tantancewa ne yayin da takardu ke shigowa, ba sa jiran ranar rufewa. Saboda haka ko hanyar zuwa aji ban gama ganewa ba na fara cike fom.

Da na gaya wa Kawu a waya inda nake neman aiki, abin da ya fara tambaya shi ne ko zan riƙa zama a bayan kanta ina ƙirga kuɗi. Na ce masa wannan bankin ba a ajiya a cikinsa, ba shi da layi, ba shi da kanta. Aikinsu kamar na dillali ne, sai dai hajar tasu kamfanoni ce da bashin gwamnatoci. Idan kamfani zai sayar da hannun jarinsa ga jama'a, kamar yadda kamfanin mai na Seplat ya yi a kasuwannin Landan da Legas a 2014, ko Airtel Africa a 2019, su ne ke ƙiyasta farashi, su nemo masu saye. Idan kamfanoni biyu za su haɗe, kamar yadda kamfanin siminti na Sakkwato ya shiga cikin BUA Cement, su ne masu ba da shawara. Da Najeriya ta karɓi bashin dala biliyan 4 daga kasuwar duniya a Satumban 2021, irin waɗannan bankuna ne suka tsara takardun lamunin suka tallata su. Kawu ya ce to ya gane, la'ada suke ci. Na ce ita ce.

Masu neman kuwa sun yi yawa. Bankin Goldman Sachs kaɗai, mutum sama da 300,000 ne suka nemi gurbin horon bazara na 2024 a wurinsa, waɗanda aka ɗauka ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Kusan kowa a cikinsu yana da sakamako mai kyau, kowa ya iya manhajar lissafi ta Excel, kowa ya haddace yadda ake ƙiyasta darajar kamfani. Wurin da ake samun bambanci bai wuce irin waɗannan ƙananan akwatunan ba.

Akwai dalilin da ya sa suke nacewa a kan maganar ƙalubale. Aikin sabon ma'aikaci a wannan fanni aikin dare ne. A farkon 2021 wasu sababbin ma'aikata 13 na Goldman Sachs sun haɗa rahoto da kansu suka nuna suna aikin kimanin sa'o'i 95 a mako, barcinsu bai wuce sa'a biyar a dare ba, rahoton ya fita duniya ta gani. Tun a 2013 wani ɗalibi Bajamushe ɗan shekara 21 ya rasu a Landan yana cikin horon bazara a Bank of America Merrill Lynch. Bincike ya nuna farfaɗiya ce, amma an ambaci cewa gajiya tana iya tayar da ita, kuma bayan rasuwar tasa bankuna da dama suka sake duba lokutan aikin yaransu. A 2024 bankin JPMorgan ya sa wa ƙananan ma'aikatansa iyakar sa'o'i 80 a mako, wanda ko shi ninki biyu ne na aikin ofis da muka sani. Mai karanta fom ɗinka ya san wannan rayuwa. Abin da yake son sani shi ne, ƙarfe biyun dare, lissafi ya ƙi daidaita, oga ya canza ra'ayi, za a kai wa mai kamfani takardu ƙarfe takwas na safe, kai me za ka yi.

Wani abokina ya haɗa ni da yayarsa, 'yar Zariya, wadda ta shekara da yawa tana aiki a wani banki a Canary Wharf, unguwar manyan bankuna a Landan. Ta ce kafin in rubuta komai in zauna in lissafa duk wani abu da na taɓa shiga wanda za a kira ƙalubale, in turo mata a taƙaice. Na tura mata huɗu.

Na farko yajin aikin malaman jami'o'i na 2020, wanda ya ɗauki wata tara daga Maris zuwa Disamba, ya haɗu da kullen korona ya cinye mana shekara. Na biyu faɗuwar naira. Na biya kafin alƙalamin makaranta dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, aka saki naira a Yunin 2023 ta haura 750, kuma ragowar kuɗin makarantar yana gaba. Na uku rasuwar mahaifina ina aji biyu a jami'a. Na huɗu, wanda na sa a ƙarshe don ina ganin bai kai sauran nauyi ba, ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin ina taya Kawu zama a shagonsa na Kantin Kwari bayan na gama bautar ƙasa.

Ta kira ni da dare bayan ta tashi aiki. Ta ce, "Ƙanena, na yajin aikin nan, kai me ka yi a ciki?"

Na ce na yi haƙuri, na ci gaba da karatu a gida, da aka koma na ci jarrabawa.

Ta ce, "Kai da ɗalibai dubu nawa? Abin ya same ka, ya wuce da kansa. Ba kai ka janye yajin aikin ba. Na nairar kuma wa ya cike giɓin?"

Na ce Kawu ne da 'yan uwa.

"Allah ya saka musu da alheri. Amma ai labarinsu ne."

Maganar rasuwa kuwa ita ma ba ta matsa ba, ni ma dama zuciyata ba ta kwanta da ita ba. Duk abin da ka rubuta a fom, za a iya sake tono shi a gaban kyamara ko a gaban mutum biyu da ba su san ka ba, kuma ban ga abin da zai sa in kai maraicina gaban baƙi ana duba agogo ba. Ba wai haramun ba ne a yi amfani da irin wannan labari. Wani ɗan ajinmu ɗan Sudan ya rubuta yadda ya tsara fitar da iyayensa daga Khartoum zuwa Masar bayan yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, yana waje yana haɗa motoci da kuɗi da takardu ta waya, kuma amsar tasa ta yi ƙarfi ƙwarai, domin daga farko har ƙarshe aiki ne da yanke shawara. Nawa kuwa baƙin ciki ne da juriya, kuma juriya ba ta nuna wa banki abin da yake nema.

Mu da muka taso a Najeriya muna da wata matsala da wannan tambaya wadda ɗan Ingila ba shi da ita. Wahala ta yi mana yawa har mun rasa wadda za mu zaɓa, kuma muna auna ƙalubale da zafinsa. Ɗan ajinmu Bature zai rubuta yadda ya shirya taron ƙungiyar ɗalibai mai ɗaukar nauyi ya janye ana saura mako guda, mu mu ji abin kamar wasa. Amma shi a amsarsa akwai matsala, akwai wa'adi, akwai mutanen da ya kira, akwai kuɗin da ya tara. Ma'aunin nasu ba zafi ba ne, hannunka suke nema a cikin labarin.

Yaya ta ce in ba ta labarin Kwari dalla-dalla. Ga shi.

A ranar 26 ga Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000. Aka sa 31 ga Janairu a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin suka koma banki, sababbin ba su wadata ba. Kawu sari yake sayarwa, atamfa da shadda da leshi, kuma yawancin masu saye a wurinsa daga Gaidam, Nguru, Maraɗi, Damagaram da ƙauyukan Jigawa suke zuwa, da tsabar kuɗi a jaka. A Fabrairu sai ga su suna zuwa hannu wofi. Tiransifa tana maƙalewa, a cire wa mutum kuɗi a can kwana biyu bai iso nan ba, ga labarin alat na bogi ya cika kasuwa. Azumi zai kama a ƙarshen Maris, lokacin da ake ɗaukar kayan Sallah, kuma Kawu ya riga ya karɓi diloli daga wani mai shigo da kaya a kan zai biya kafin azumi. Hukuncin da ya yanke shi ne ba kuɗi a hannu, ba kaya. Yana da hujja, kaya a shago ba sa ruɓewa. Amma idan Sallah ta wuce zanen bana ya zama na bara, kuma wa'adin mai kaya ba ya jira.

Kawu yana da littattafan bashi guda uku, manya masu baƙin bango, rubutu wani da boko wani da ajami, na shekaru kusan biyar. Da dare na riƙa kai su gida ina kwafewa cikin Excel: suna, gari, ranar ɗaukar kaya, turmi nawa ko bandir nawa, ranar biya. Da na gama sai abu ya fito fili. A cikin masu sari 63 da ke littafin, mutum 17 ne ke ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na kayan shagon, kuma a duk tsawon shekarun babu wanda ya taɓa wuce mako uku bai biya ba a cikinsu. Na raba mutanen gida uku. Waɗannan 17 a ba su kaya bashi, amma kowa iya matsakaicin abin da ya saba ɗauka, ba ƙari. Na tsakiya su biya rabi ta tiransifa, kuma ba a fitar da kaya sai an ga kuɗin a cikin manhajar banki, saƙon waya ba ya isa shaida. Sauran sai da kuɗi. Na buɗe wa shagon asusu na biyu a ɗaya daga cikin bankunan waya, waɗanda a lokacin sabis ɗinsu ya fi tafiya. 'Yan Nijar kuma aka shirya su biya da sefa ta hannun wani ɗan canji a Wapa da Kawu ya daɗe da sani.

Kawu bai karɓa ba da farko. Ya ce shekara talatin yana kasuwar nan, bai taɓa buƙatar kwamfuta ta gaya masa waye mutumin kirki ba. Ban ja da shi ba. Na buga sunayen 17 ɗin a takarda ɗaya, kowane da tarihin biyansa a gefe, na ba babban yaron shagon, wanda Kawu ke jin maganarsa, na roƙe shi ya nuna masa bayan la'asar lokacin da kasuwa ta lafa. Na kuma ce a gwada da mutum biyar kawai, Kawu ya zaɓe su da kansa daga takardar. Da biyar ɗin suka fara turo kuɗi cikin kwana goma, shi da kansa ya ce a buɗe wa sauran. An biya mai kaya kafin azumi. A cikin 17, goma sha biyar sun gama biya kafin Sallah, biyu bayanta. Kotun ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki, kuɗi ya fara dawowa a hankali, amma a lokacin shagunan da suka rufe bashi gaba ɗaya sun riga sun rasa makonni mafi tsada a shekara.

Yaya ta yi shiru, sannan ta ce, "Wannan ka sa a ƙarshe? Ka tantance masu karɓar bashi, ka sa musu iyaka, ka shawo kan wanda ya fi ka, ka cika wa'adi. Akwai sashe guda a benenmu da ba su da wani aiki sai wannan."

Zaɓen labari ya zo da sauƙi idan aka kwatanta da matse shi cikin kalmomi 250. Ofishin ba da shawarar aiki na jami'a suna koyar da wani tsari da ake kira STAR, wato ka faɗi halin da ake ciki, nauyin da ke kanka, matakan da ka ɗauka, sannan sakamako. Tsarin yana da amfani, amma bai gaya maka yadda za ka raba kalmomin ba, kuma a nan ne wanda ya zo daga wata ƙasa yake shan wuya. Bature zai ce taron ɗalibai, mai karatu ya gane nan take. Ni kuwa sai na bayyana wa mutumin da bai taɓa jin sunan Kano ba cewa akwai ƙasar da aka janye kuɗinta daga hannun jama'a, akwai kasuwar da ake cinikin miliyoyi da tsaba, akwai wani lokaci a shekara da ciniki ke tashi. Duk wannan na tattara shi a jimla biyu: a farkon 2023 sauya takardun kuɗi ya jawo ƙarancin tsaba a Najeriya, kuma kasuwancin sarin yadi na danginmu, wanda yawancin cinikinsa da tsaba ne, ya tsaya ana saura makonni shida a biya mai kaya, daf da lokacin da aka fi ciniki a shekara. Ban ambaci Kantin Kwari ba, ban ambaci zaɓen da ke tafe ba, ban shiga ko manufar ta dace ko ba ta dace ba. Kalmomi kusan arba'in suka tafi a nan, wasu ashirin a kan nauyin da ke kaina, sama da rabin akwatin na bar wa matakai, ragowar ga sakamako.

Sai maganar kuɗi. Na so in rubuta adadin naira, amma naira miliyan kaza ba ta nufin komai ga mai karatu a Landan, idan kuma na juya ta zuwa fam, da wane farashi? Na Fabrairun 2023 ko na ranar da nake rubutu? Tsakaninsu darajar ta kusa rabewa biyu, kuma zuwa Fabrairun 2024 dala ta wuce naira 1,500. Sai na bar kuɗi, na riƙe adadin mutane da kaso: 63, 17, kashi biyu cikin uku, 15 cikin 17. Waɗannan ba sa canzawa da farashin canji, kuma duk wanda ya tambaye ni zan iya nuna inda na samo su.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne fito da kaina. An tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne. Idan aka tambayi Bahaushe yadda aka tsallake wata masifa, zai ce Allah ne ya rufa asiri, aka yi ƙoƙari, aka dace. Gaskiya ya faɗa, kuma ladabi ne. Ga kuma kunyar Kawu: mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya biya mini makaranta, yanzu in zauna in rubuta wa Turawa cewa ya yanke hukunci ni na juya shi? Na faɗa wa Yaya haka. Ta ce, "Godiyarka ga Allah tana nan inda take, ba wanda ya taɓa ta. Su sababi suke tambaya. Kuma ba wanda ya ce ka ƙasƙantar da Kawu. Ka rubuta cewa yana da dalili, domin yana da shi." Haka na yi. Na rubuta cewa mai kasuwancin, da gogewarsa ta shekara talatin, ya fi son dakatar da bashi saboda haɗarin zamba, ni kuma na kawo masa bayanan biya na shekara biyar da shawarar gwaji da mutum biyar. Inda ni na yi abu na ce ni na yi. Inda babban yaron shago ya yi na ce shi ne, inda Kawu ya yanke hukunci na bar masa hukuncinsa. Da na karanta daga baya sai na ga amsar ta fi gamsarwa a haka, don duk wanda ya taɓa aiki ya san ba a yin irin wannan abu da hannu ɗaya, kuma wanda ya ce shi kaɗai ya ceci kamfani ba a yarda da shi.

A waccan shekarar kusan kowa a ajinmu da ChatGPT yake gyara amsoshinsa. Na ga na mutane da yawa, duk sun yi sumul, duk suna ƙarewa da cewa abin ya koya musu juriya da muhimmancin aiki tare. Yaya, wadda ake ba ta tarin fom ta duba a lokacin ɗaukar ma'aikata, ta ce da ta ga irin wannan rufewa idonta ke tsallakewa. Ni dai a wurin abin da na koya jimla ɗaya na sa, cewa babba ya fi saurin karɓar ƙaramin gwaji da zai iya janyewa daga gare shi fiye da babban tsari da aka kawo masa a kammale.

Tambayar ba ta zuwa da fuska ɗaya. Wani banki zai ce lokacin da ka yi aiki cikin matsi, wani ya ce lokacin da ka shawo kan wanda ya saɓa maka, wani ya ce lokacin da ka yi amfani da bayanai ka warware matsala. Labarin ɗaya ne, abin da ke gaba ne ke canzawa. Ga na matsi wa'adin mai kaya ke gaba, ga na saɓani Kawu da takardar suna, ga na bayanai littattafan nan uku. Amma ban yi amfani da shi sau biyu a fom ɗaya ba; na ajiye wani ƙarami daga lokacin bautar ƙasa don irin wannan.

Yawancin bankunan ba su kira ni ba. Wasu bayan jarrabawar lissafi ta intanet suka turo saƙon ban haƙuri irin wanda na'ura ke aikawa, wasu shiru har yau. Waɗanda suka wuce da ni suka turo gayyatar bidiyo ta HireVue, manhajar da Goldman Sachs ya fara amfani da ita wajen tantance ɗalibai a 2016, bankuna da dama kuma suke amfani da ita. Ba mutum a ɗaya gefen. Tambaya ta bayyana a allo, a ba ka kamar daƙiƙa talatin ka shirya, sannan kyamara ta kunna na minti biyu ko uku. Amsar da ta yi kyau a rubuce ba ta faɗuwa da baki yadda take, kuma wanda ya haddace ana ganewa daga idonsa. Na riƙe lambobin nan da jerin matakan a kaina, sauran na bar bakina ya kawo. Na kuma rage sauri, domin Turancinmu idan muka ɗauki zafi yana gudu, mai sauraro ya rasa rabinsa.

Banki ɗaya ya kira ni zagayen ƙarshe a ofishinsu. A ganawa ta biyu wani darakta ya shigo da fom ɗina a hannu, ya ja layi a ƙarƙashin amsar. Bai ce in maimaita labarin ba. Ya ce me ya sa na sa iyakar bashi a matsakaicin abin da mutum ke ɗauka, ban sa a mafi yawan abin da ya taɓa biya ba? Na ce don mafi yawan an biya shi ne a shekarun da akwai kuɗi a gari. Ya ce da mafi girma a cikin 17 ɗin ya gudu da kaya, da shagon ya iya biyan mai kaya? Na ce da ƙyar, shi ya sa shi aka raba masa kayan kashi biyu, na biyu sai na farko ya fara dawowa. Ya ce ribar turmi ɗaya nawa ce, kuma me ya hana a karya farashi don a jawo masu tsaba maimakon a ba da bashi? Na ce ribar sari siririya ce, kuma matsalar ba tsada ba ce, kuɗin ne babu a hannun kowa, ko an karya ba mai fito da shi. Ya kai kusan kwata na sa'a yana haƙa a wuri ɗaya. A nan na gane dalilin da Yaya ta hana ni ƙara ko mutum ɗaya a kan adadin. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma waɗannan mutane sana'arsu ce tono lissafin da aka kawo musu.

Tambayarsa ta ƙarshe ita ce, da mai shagon ya ƙi har gwajin mutum biyar ɗin, da me zan yi? Na ce da na bi abin da ya ce, shagonsa ne, dukiyarsa ce, sannan mako mai zuwa in dawo masa da lissafin abin da aka rasa. Ya rubuta wani abu, ya koma tambayar yadda hauhawar kuɗin ruwa a Amurka ke shafar bashin ƙasashen Afirka.

Sun ba ni horon wata shida a sashen da ke tsara takardun lamuni na gwamnatoci da kamfanonin ƙasashe masu tasowa, in fara bayan na miƙa kundin digiri, a kan bizar shekara biyu da Birtaniya ta fara bai wa waɗanda suka gama karatu a 2021. Na kira Kawu na gaya masa, na kuma gaya masa labarin da ya kai ni. Ya yi addu'a, sannan ya ce, "Tsaya. Littafin bashina ka kai wa Turawa?"

Na ce a'a Kawu, adadi kawai na faɗa, ko suna ɗaya bai fita ba, ko sunan shagon ban ambata ba.

Ya ce to madalla, domin akwai mutanen da ko matansu ba su san ana bin su ba. Sannan ya ce in samu lokaci ranar Lahadi in kira yaron da na bar wa kwamfutar, ya goge wani layi, lissafin 'yan Maraɗi gaba ɗaya ya rikice.